Darasin Wannan Wata: Tanderu Da Komin Iri A Gida Ɗaya

Da an girbe gero an ɗaure dammuna, hankalin manoman Batagarawa sai ya koma kan noman rani. Masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Ajiwa su fara gyaran komaye. Masu rijiya a bayan gida su shiga neman iri. A daidai wannan lokaci ne kuma iska take fara sanyi, mata masu sana'ar gurasa da burodi su ga ciniki ya buɗe, domin shayi da mahaɗinsa sun fi shiga a lokacin ɗari.

Mutane da yawa suna ganin ba abin da ya haɗa waɗannan ayyuka biyu. Gashi aikin uwargida ne, renon iri kuwa aikin maigida. Amma wuta ɗaya tana iya yi wa duka biyun aiki. Garwashin da ya rage bayan an kwashe gurasa, wanda aka saba bari ya mutu a banza, shi ne maganin ciwon da ya fi kashe ƙananan tumatir da tattasai tun suna cikin komi.

Abin da ke kwantar da iri

Duk wanda ya taɓa renon tumatir ya san wannan baƙin ciki. An yafa iri, ya tsiro kore shar, an kwana biyu ana murna. Wata safiya a zo ban-ruwa a tarar da gefe guda ya kwanta. Idan an ciro guda ɗaya aka duba, za a ga gindinsa daidai inda ya taɓa ƙasa ya tsuke, ya yi baƙi-baƙi kamar zaren da ya jiƙe. Kafin kwana uku rabin komin ya tafi.

Wasu su ce sanyi ne. Wasu su ce mai sayar da iri ya cuce su. Har akwai masu cewa baki ne. Gaskiyar magana ita ce ciwon yana cikin ƙasar tun kafin a yafa irin. Wasu ƙwayoyin cuta ne 'yan mitsi-mitsi, dangin funfunar da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu. Ido ba ya ganinsu. Suna son laima da cunkoso da inuwa. Idan iri ya yi kauri a wuri ɗaya, aka kuma cika masa ruwa, to an shimfiɗa musu tabarma.

Akwai kuma wata tsutsa da ita ma ido ba ya gani, wadda ta fi son ƙasar jigawa irin ta arewacin Katsina. Saiwa take shiga. Tumatirin da ta kama ba ya girma, ganyensa ya yi ɗorawa-ɗorawa, da rana ta take sai ya yi yaushi ko da an ba shi ruwa. In an tuge shi za a ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Wanda ya reni iri a ƙasa mai wannan tsutsa, shi da hannunsa zai ɗauke ta ya kai ta sabon lambunsa ranar dashe.

Wannan ne haɗarin sayen iri a ɗaure daga kasuwa. Mai saye ba ya sanin ƙasar da aka rene shi, ba ya sanin kwanansa nawa, sau da yawa ma ba ya sanin wane irin tumatir ne sai ya fara 'ya'ya. A lokacin kuwa an riga an kashe kuɗin taki da na man inji.

Ƙwayoyin cutar nan da tsutsar saiwa da 'ya'yan ciyawa duk abu ɗaya ke gamawa da su, wato zafi. A nan ne tanderu ya shigo.

Gurasa tukuna

Tanderu babbar tukunya ce ta yumɓu mai faɗin ciki, wadda ake kafawa a ƙasa a yaɓe gefenta da laka don ta riƙe zafi. Irinsa ne Larabawa ke kira tannur, mutanen Indiya da Pakistan su ce tandur. A ƙasar Hausa birnin Kano ne ya yi suna da gurasa, musamman unguwar Jakara, amma ba abin da zai hana matar Batagarawa yin tata. Kasuwa ma tana bakin ƙofa. Ga birnin Katsina, ga kuma ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman Katsina a kan hanyar Dutsinma.

Ga awo na gwaji, da gwangwanin madarar ruwa. A sami fulawa gwangwani 6, ruwan ɗumi gwangwani 2 da rabi, yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 1. A tankaɗe garin. A haɗa busassun kayan, sa'an nan a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana cuɗawa. Kwaɓin gurasa ya fi na burodi laushi, yana ɗan manne wa hannu. A buga shi sosai kamar minti 10, har ya yi danƙo. A rufe da tsumma mai tsabta a ajiye wuri mai ɗumi.

Yawancin masu koyo a wurin ruwan suke yin kuskure. Yis abu ne mai rai. Sukari yake ci, ya fitar da iska, iskar nan ce take kumbura kwaɓi. Ruwan zafi yana kashe shi, ruwan sanyi kuma yana sa shi nawa. Ɗumin da ake so shi ne irin na ruwan wankan jariri. In uwargida ta tsoma gwiwar hannunta ta ji daɗi, to yis ma zai ji daɗi. Da bazara kwaɓi yana iya tashi kafin awa ɗaya. Da hunturu yakan kai awa biyu ko fiye, don haka sai a matso da shi kusa da murhu, ba a kan murhu ba. Alamar ya tashi ita ce ya ninka girmansa.

Idan ana shakkar yis ya tsufa, a gwada shi kafin a ɓata gari. A zuba kaɗan a ruwan ɗumi da ɗan sukari. In ya yi kumfa cikin minti 10, yana da rai. In ya kwanta shiru, a zubar.

Kafin kwaɓi ya gama tashi, a cika tanderu da karan dawa a kunna. A bar wutar ta ci har harshenta ya mutu, saura garwashi a ƙasa, bangon ciki ya ɗauki zafi. A goge baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen tsumma. A jiƙa hannu, a gutsuro kwaɓi kamar girman lemo, a faɗaɗa shi a tafin hannu, a manna a jikin bangon da sauri. Cikin 'yan mintoci za ta kumbura ta yi ja. A ɓanɓare da wuƙa. Idan gurasa tana faɗowa cikin garwashi, ko dai bangon bai yi zafi ba, ko kwaɓin ya yi tauri. A ɗaure hannun riga da gefen mayafi da kyau, kuma a kori yara daga bakin tanderu.

Wadda ba ta da tanderu ba ta rasa hanya ba. Mata da yawa suna gasa burodi da kek a babbar tukunyar ƙarfe. A zuba yashi mai tsabta a ƙasanta kamar kaurin yatsu uku, a ɗora a wuta a rufe har ya yi zafi, a jera gwangwanayen kwaɓi a kan yashin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, domin duk buɗewa zafi ne yake fita. A adana wannan yashi, yana da amfani a gaba.

Maganar tsadar fulawa ba sabuwa ba ce. Mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama don a noma ta a gida, aka ɗage hanin a 1992. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashinta a duniya, cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ƙara kuɗin dakon kaya. Saboda haka wasu suke haɗa fulawa da garin dawa ko na masara. Ana iya yi, amma da awo. Alkama ce kaɗai take da danƙon da ke riƙe iskar yis. Idan gwangwani 1 cikin kowane 5 ya zama na dawa, gurasa za ta tashi. In aka wuce haka da yawa sai ta fito da nauyi, tana farfashewa. Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne hodar nan ta biromet da wasu gidajen burodi suka riƙa sa wa don burodi ya kumbura. Hukumar NAFDAC ta haramta ta tun zamanin da Dora Akunyili take shugabancinta, saboda illarta ga lafiya. Burodin gida ba ya bukatar komai bayan yis da haƙuri.

Yadda ake dafa ƙasa

An kwashe gurasa, garwashi yana nan da sauran ƙarfinsa. To, ga aikinsa na biyu.

Tun kafin ranar gashi, maigida ya tanadi ƙasar reno. A ɗebo ƙasar sama daga wurin da ba a shuka tumatir ko tattasai ko gauta ba a 'yan shekarun nan, domin dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A haɗa kwano 2 na ƙasa da kwano 1 na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba ya wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Inda ƙasa take da laka ana ƙara kwano 1 na yashi, amma ƙasar jigawa ba ta bukata. A tankaɗe a fitar da tsakuwa da tsinke.

A yayyafa mata ruwa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin tururi ne yake yin aikin. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar zafi daidai. Laimar da ake so ita ce wadda in an dunƙula ƙasar a hannu za ta tsaya, amma ruwa ba zai ɗiga ba.

A zuba ta a tsohuwar tukunya ko rabin garwa wadda aka daina girki da ita har abada. Kada zurfin ƙasar ya wuce tsawon yatsa da ɗan ɗori, wato kamar santimita 10. A binne ɗan ƙaramin dankali mai girman ƙwai a tsakiya. A rufe da murfi.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Ba a cikin tanderun ake sa tukunyar ba. Ƙasa mai taki in ta ji wuta tana wari, bangon yumɓu kuma yana shan wari, gurasar gobe ce za ta biya bashin. A kwaso garwashin da shebur ko tsohon faranti, a kai shi gefen tsakar gida tsakanin duwatsu uku, a ɗora tukunyar a can. Idan garwashin ya yi kaɗan a ƙara 'yan karare.

Masana aikin gona sun ce zafin da ake bukata shi ne wajen digiri 80 na tsawon minti 30. Ba kowane gida ke da ma'aunin zafi ba, shi ya sa aka sa dankalin. Bayan kamar minti 40 a buɗe a soke shi da tsinke. In tsinken ya shige, ƙasa ta dahu. A sauke. Dankalin nan ba na ci ba ne, a jefar da shi.

Kada a ce bari a ƙara wuta don a tabbata. Ƙasar da ta ƙone, ta bushe ƙayau tana hayaƙi, ta lalace, iri ba ya jin daɗinta. Dafawa ake so, ba toyawa ba.

A bar ta ta huce a rufe. A juye ta a buhu mai tsabta, a bar ta ta huta kamar mako ɗaya kafin shuka, don warin takin ya fita. Kada a juye ta a ƙasa, kada kuma a taɓa ta da fartanyar da aka dawo da ita daga gona ba a wanke ba, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Wani zai ce tukunya ɗaya me za ta yi? Ga lambun bayan gida tana yin da yawa. Daro ɗaya na ƙasa ya isa renon tumatir 50. Gidan da ake gashi kullum kuwa, cikin mako ɗaya an tara buhu. Amma mai babban lambu a Ajiwa, ko a gefen birni wajen Lambun Sarki da Ƙofar Marusa, tukunya ba za ta ishe shi ba. Shi sai ya bi hanyar da iyaye suka saba. Ya gyara komin, ya jiƙa shi, ya tara kara da busasshiyar ciyawa a kai ya ƙona. Wannan yana dafa ƙasar sama. Akwai kuma hanyar rana. A jiƙa komi sosai a watan Afrilu, a rufe shi ruf da farar leda mai gani-har-hanji, a danne gefenta da ƙasa, a bar shi mako 4 zuwa 6. Zafin bazarar Katsina yana yin aikin ba tare da an ƙona ko kara ɗaya ba.

Tokar da ta rage ma kada a zubar. Tana da sinadaran da tumatir ke so lokacin 'ya'ya. Amma tana da kaifi. Ba a zuba ta a kan iri, ba a kuma haɗa ta da takin yuriya, domin tana kore ƙarfinsa. Ɗan barbaɗe kaɗan a lambu kafin dashe ya wadatar.

Shuka

Kafin a shuka a gwada irin, kamar yadda aka gwada yis. A ƙirga ƙwaya 10, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya a buɗe a ƙirga. Idan 8 ko 9 sun tsiro, iri mai kyau ne. Idan 5 ne, sai a ninka abin da za a shuka. Ƙasa da haka a nemi wani. Tattasai da attarugu sun fi tumatir nawa, a ba su mako biyu.

Mazubi ba sai an saya ba. Tsohon daro, fasasshen bokiti, gwangwani, ledar fiya wata da aka yanke bakinta, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne, a wanke, a huda ƙasansa don ruwa ya fita. Mazubin da ba huji kabarin iri ne.

A zuba dafaffiyar ƙasa, a baje. A ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu. Zurfin layin kada ya wuce faɗin farce, wato santimita 1. A jera iri ɗai-ɗai da ɗan tazara. Irin tumatir ƙanana ne ƙwarai, giram 1 yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, don haka hannu yakan yi nauyi ba a sani ba. Yafawa barkatai ita ce take kawo cunkoso. A rufe layin da yashin nan na tukunyar kek, wanda wuta ta riga ta tsabtace. Yashi yana saurin bushewa a sama, gindin iri kuwa ba ya son zama cikin laima.

A shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya a kai. A ba da ruwa ta cikin gwangwanin da aka huhhuda, don kada ƙarfin ruwa ya tono irin. Daga kwana 5 zuwa 8 tumatir zai ɓullo. Ranar da aka ga kansa, ranar za a ɗauke ciyawar. In aka yi jinkiri sai ya miƙe dogo siriri, fari fat, ba ƙarfi. Daga nan a yi masa 'yar rumfa mai tace rana. Ranar safe tana da amfani a gare shi, ta tsakar rana ce ake kare shi daga gare ta.

Ban-ruwa da safe ya fi. A taɓa ƙasar tukuna, in da laima a ƙyale ta. Iri ya fi mutuwa da yawan ruwa a kan ƙishirwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna yi. Ruwan omo da na wanke-wanke mai gishiri da maiƙo ba sa yi.

Ba kowane abu ake reno ba. Karas da kuɓewa da kankana ba sa son a taɓa saiwarsu, a inda za su zauna ake shuka su. Zogale ma an fi shuka shi kai tsaye, ko a leda guda-guda.

Tumatir iri-iri ne. Roma da UTC su ne aka saba da su a kasuwannin kayan gwari na arewa, kuma ana iya ajiye 'ya'yansu. A zaɓi tumatir nunanne daga uwa mai lafiya, a matse 'ya'yan a kwano, a bar su kwana 2 ko 3 su yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. Amma idan an ga an rubuta F1 a jikin gwangwani ko takardar iri, wannan mai aure ne. Yana ba da amfani mai yawa karo ɗaya, 'ya'yansa kuwa ba sa gadon uwarsu. Mai shakka ya tambayi malamin gona na KTARDA da ke yankinsa.

Guba da gari ba sa zama wuri ɗaya

Tun da an haɗa gashi da reno a gida ɗaya, dole a ja kunne a nan. Irin da ake sayarwa a kanti sau da yawa ana ganinsa da launi, ja-ja ko kore ko shuɗi. Wannan launi ba ado ba ne. Alama ce ta an cuɗa shi da magani mai guba. Haka ma hodar cuɗa iri da ake sayarwa a ƙananan takardu.

Gwangwanin awon fulawa daban, na iri daban. Rariyar tankaɗe gari daban, ta ƙasa daban. Kada a ajiye iri a ɗakin girki, ko a saman buhun gari, ko inda yaro zai kai hannu. Wanda ya taɓa irin ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Takardar magani in ta ƙare a binne ta, kada ta zama abin ƙunshe yis ko gishiri. Wanda ya koyi rubutu ya rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin mazubin. Idan tsautsayi ya sa yaro ya haɗiya, a garzaya da shi asibiti tare da takardar maganin, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Kaji, awaki da ƙwari

A tsakar gida kaza ce babbar abokiyar gaba. Aikin mako uku tana iya barbaza shi kafin a idar da sallar la'asar. Amfanin reno a daro shi ne ana iya ɗora shi a kan benci ko turmi, a kuma zagaye da ƙaya ko zana.

Daga cikin ƙwari, biyu ne suka fi ɓarna. Na farko farin ƙuda, ɗan ƙarami, mai ɓuya a bayan ganye. Shi ke ɗauko ciwon da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma irin da ya kamu tun yana ƙarami ba ya yin abin kirki. Na biyu shi ne wanda manoma suka sa wa suna sharon. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. An gan shi a Sifen a 2006, ya bazu zuwa Afirka, a 2016 kuma ya yi wa tumatirin arewacin Nijeriya mummunar ɓarna, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye ta riƙa ci, sai a ga farin tabo kamar an kankare. Da yake tana ɓoye a ciki, feshi ba ya saurin samunta.

A wurin reno maganin duka biyun shi ne a hana su sauka. A kafa 'yan sanduna a lulluɓe da raga, a danne gefenta. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, in an ɗinke hujinsa, yana tare sharon da kaza, yana kuma rage farin ƙuda, ko da yake shi yana iya kutsawa ta manyan idanu. A lura, tsoho aka ce. Wanda ya cire gidan sauro daga kan gadon yara ya kai wa tumatir, kuɗin maganin zazzaɓi zai cinye ribar lambun.

Ranar dashe

Tumatir yana isa dashe daga mako 3 zuwa 4, lokacin da ya yi ganye 4 ko 5 kuma tsawonsa ya kai kusan taƙi ɗaya. Kabeji ma wajen mako 4. Tattasai da attarugu suna kai mako 6. Albasa mako 6 zuwa 8, sa'ad da kaurinta ya kusa na fensir. Irin da ya tsufa a komi, har ya fara fure, ba ya yin 'ya'ya da yawa bayan dashe.

Saura mako ɗaya a cire rumfar, a rage ruwa, don irin ya saba da wahalar da zai tarar a lambu. Ranar dashe a jiƙa mazubin sosai. A ɗago kowane ɗaya da ƙasarsa, da tsohon cokali, kada a fizge. A duba saiwa, mai ƙulle-ƙulle a jefa shi wuta. Da yamma ake dashe, bayan la'asar, a ba da ruwa nan take. Tsakanin layi da layi santimita 60, tsakanin tushe da tushe santimita 45.

Lokaci shi ne rabin aikin. Tumatir yana son sanyin hunturu lokacin da yake fure. Wanda ya shuka iri a Oktoba ya dasa a Nuwamba, zai tsinka a Janairu da Fabrairu. Wanda ya makara har furensa ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, zai ga fure yana kakkaɓewa. Gidan da ya kama lokaci kuwa, uwargida ba za ta aika kasuwa neman tumatir da albasar da za ta yanka a kan bandashe ba, sai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kawai.

Da ka ake mantuwa da kwanan wata. A sami ɗan katako ko murfin gwangwani, a rubuta sunan iri da ranar da aka shuka shi, a kafa a gefen mazubin. Uwargida ma ta sami littafi, ta riƙa rubuta gwangwani nawa ta kwaɓa, gurasa nawa ta fita, nawa aka sayar.

Aikin aji

Malamai su karanta wannan darasi da ɗalibansu, sa'an nan kowa ya amsa a littafinsa. An shuka tumatir ranar 5 ga Oktoba, wace rana zai cika mako 4? An jiƙa ƙwaya 10, guda 6 suka tsiro, ƙwaya nawa za a shuka in ana son tushe 30? Uwargida za ta kwaɓa gari gwangwani 15, tana son 1 cikin kowane 5 ya zama na dawa, gwangwani nawa na fulawa za ta auna?